Ruwa a Cikin Jirgi: Darasi Daga Ƙwarya da Kwale-kwale

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda ƙwarya kan yi yawo a kan kududdufi da damina. Muddin cikinta a bushe yake, ba za ta nitse ba. Amma da zarar ta tsage, sai ta riƙa yin ƙasa sannu a hankali. Ƙa'idar da ke riƙe da ƙwaryar nan ita ce ke riƙe da kwale-kwale da kuma jirgin teku mai tafiya da iska.

Dalilin Nitsewa

Masanin nan na Girka, Arkimidis, wanda ya rayu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya gano cewa ruwa yana tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Saboda haka, kowace lita da ta shiga jirgi ƙarin lodi ce.

Ga misali: idan rami mai faɗin santimita 2.5 ya ɓulle a zurfin santimita 30 ƙarƙashin ruwa, zai shigo da kimanin lita 40 a minti ɗaya, wato fiye da garwa biyu. Cikin minti biyu ke nan an ƙara fasinja guda. Kuma gwargwadon yadda jirgin ya ƙara lumewa, gwargwadon yadda ruwan zai ƙara saurin shiga.

Haɗari na biyu shi ne kai-komon ruwan. Da jirgi ya ɗan karkata, sai ruwan cikinsa ya tattaru a wannan gefen, ya ƙara rinjayarsa. Ta haka jirgi kan kife tun kafin ya cika.

Matakan Ceto

Na farko, a toshe ramin da tsumma ko guntun katako, domin kwarfa ba ta cim ma ɓaraka a buɗe. Na biyu, a kwarfe ruwan da bokiti ko ƙwarya. Jiragen teku kuwa suna da famfo a can ƙasan cikinsu, inda ruwa ke taruwa. Na hannu yana aiki kamar tuƙa-tuƙa, da bawul biyu: ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Na lantarki yakan tsaya idan ruwa ya ci batir, ko shara ta toshe bakinsa. Na uku, fasinjoji su zauna, kada su ruga gefe guda.

Kammalawa

A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗalibai ƙanana. Hukumomi sun danganta haɗarin da yawan lodi. Jirgin da aka cika maƙil bakinsa yana dab da ruwa, ƙaramar igiya ta isa ta faɗa ciki, kuma babu sararin da mai kwarfa zai yi aiki. Don haka, ƙidaya fasinjoji a bakin gaɓa da ba su rigar ruwa sun fi kowane famfo amfani.