Rishon sifirit: kada a surka masa fetur

Na gaji da amsa tambaya guda daga masu sayen ɗan rishon nan na tafiyar daji, irin wanda kamfanin Trangia na ƙasar Suwidin ya yi suna da shi: wai idan aka ɗiga wa sifirit ɗan fetur, wuta za ta ƙara ƙarfi? Za ta ƙara, har ta fi ƙarfin mai rishon. Wannan risho ɗan kofin ƙarfe ne kawai mai ƙananan huji a baki, ba shi da makunni. Zafi ne ke tafasa man da ke ciki, tururin ya fito ta hujin ya ci. Fetur kuwa yana fitar da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, sifirit sai wajen digiri 13. Ka zuba fetur a buɗaɗɗen kofi, wuta ta tashi sama da tukunya, ka watsa ruwa ta bi ruwan ta bazu. Kananzir ma ba nasa ba ne, hayaƙi da baƙi kawai zai ba ka.

Sifirit ɗin da za a nema shi ne itanol mai ƙarfin kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari, wanda aka gauraya da sinadari don kada a sha. A Ingila sukan rina shi shunayya, a Faransa sunansa "alcool à brûler". Idan gindin tukunya yana baƙi, ƙara wa sifirit ɗin ruwa kaɗan, kamar kashi 10 cikin ɗari, yana rage shi.

Metanol, wani nau'in sifirit, yana ci tsaf, amma zafinsa bai wuce kashi uku cikin huɗu na itanol ba, kuma guba ne. Mililita 10, cokalin shayi biyu ke nan, na iya makantar da mutum idan ya sha, yana kuma ratsa fata. Aisofurofil, wanda ake goge ciwo da shi, wutarsa rawaya ce mai shafa wa tukunya baƙi. Duk wanda aka rubuta masa kashi 70, sauran ruwa ne, za ka daɗe kana jiran shayi.

Ga inda aka fi ƙonewa. Da rana wutar sifirit ba ta ganuwa. Mutum ya leƙa ya ga kamar ta mutu, ya kafa bakin kwalba ya fara tsiyaya, wutar ta bi man ta shiga kwalbar, kwalbar ta feso ta a fuskar wanda ke zaune gabansa, sau da yawa yaro. Kada a ƙara mai sai an rufe rishon da murfin kashewa, an jira ya huce har hannu zai iya ɗaukarsa. Ko abinci bai nuna ba, a jira. Kuma ba a kunna shi cikin tanti ko rufaffen ɗaki, saboda iskar nan mai kisa marar wari da ke fita daga wutar gawayi ma tana fita a nan.

Masu ɗura sifirit a gorar ruwan sha su sayar ba rubutu ba komai, ku ji tsoron Allah. Kai kuma mai saye, kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, bar ta a kanti.