Buguwa A Ka: Tashi Ba Shi Ne Warkewa Ba

Da kaka ta yi a ƙasar Matazu, aiki ya kan yi wa manomi yawa. Ga hawan rumbu a zuba dawa, ga kora amalanke, ga ɗaura buhuna a bayan babur zuwa kasuwa. Nan ne fa a kan sami faɗuwa. Wani ya zamo daga kan rumbu, wani jaki ya harbe shi, wani ɗan kasuwa ya faɗo daga saman lodin mota a hanyar Malumfashi. Rauni a hannu ko ƙafa ido na ganinsa. Na ka kuwa ɓoye ya ke.

Dalili ke nan. Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai kamar fura a rufaffiyar ƙwarya, ba ta da wurin motsawa. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, akwai kuma jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In ta tsage, jini ya kan taru a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Mutum ya kan suma kaɗan, ya farfaɗo, ya yi magana, har ya koma gida da ƙafarsa. Bayan 'yan sa'o'i sai barci mai nauyi ya kama shi, ba ya tasuwa. Da an kai shi asibiti da wuri, likita na iya buɗe wurin ya cire jinin.

Abin da za a fara yi a gona shi ne a duba numfashinsa. Kada a ɗaga shi a jijjiga, domin abin da ya bugi kai ya kan taɓa ƙashin wuya. Mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, a ɗauke shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako. In ya suma ko yana amai, a juya shi gaba ɗaya ya kwanta a gefensa, don kada aman ya shaƙe shi. In fata ta tsage, a danna da tsumma mai tsabta. Kada a zuba toka ko ƙasa ko kashin shanu. Kada a ɗura wa sumamme ruwa ko fura. Kada kuma a kira wanzami ya yi ƙaho.

A asibiti ma'aikatan jinya suna da ma'auni, wanda likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a birnin Gilasgo a 1974. Abu uku a ke dubawa: buɗe ido, maki 4; magana, maki 5; motsin jiki, maki 6. Mai cikakken hankali 15 gare shi, mafi ƙasa kuwa 3. Daga 13 zuwa 15 rauni mai sauƙi ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Su kan haska ido da tocila, su auna bugun jini da numfashi, su rubuta. Ba sau ɗaya ba, a maimaita a kai a kai, da farko kowane rabin sa'a, domin saukar makin ita ce ke faɗakar da likita.

Mutanen gida ma suna iya kwatanta wannan. Wanda ya bugu a ka kada a bar shi shi kaɗai har kwana ɗaya cur. A riƙa tambayarsa sunansa, da inda ya ke, da ranar da a ke ciki. A ce ya matse hannu, na dama da na hagu. Lalle a garzaya da shi asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Suma, ko da ta ɗan lokaci ce, ko mance abin da ya faru.
2. Amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kai mai ƙaruwa.
3. Barcin da ba a iya tashinsa, ko sambatu, ko farfaɗiya.
4. Baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma.
5. Ruwa garau ko jini daga kunne ko hanci. Kada a toshe shi.
6. Mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe guda.

Tsofaffi da ƙananan yara sun fi bukatar lura. Ciwon kai kuwa a ba da farasitamol kaɗai, ban da asfirin, don tana hana jini tsayawa.

Mai ilmin rubutu a wurin, akawu ne ko ɗan makaranta, ya rubuta lokacin faɗuwar, da tsawon suman, da yawan aman, a miƙa wa ma'aikacin jinya. Lokaci abin lura ne ƙwarai. Wani babban gwaji da aka bayyana a 2019 ya nuna maganin tsai da jini mai suna tranexamic acid yana rage mutuwa ga masu rauni mai sauƙi da matsakaici, in an ba su cikin sa'a 3. A fara da asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Malumfashi ko na Funtua. In ana bukatar hoton ƙwaƙwalwa ko aikin tiyata, su za su tura Katsina, ko Shika ta Zariya, ko asibitin Malam Aminu Kano.

Rigakafi dai ya fi magani. A gyara tsani kafin a hau rumbu, kada a zauna bisa lodi, mai babur kuma ya sa hular kwano. Kuɗinta bai kai na buhun masara ba.