Tsohon da Ya Je Roƙon Gawar Ɗansa

Ɗana, tunda karatu ya kai ka ga waƙoƙin mutanen Girka da na Rum, akwai wurare biyu da nake so ka koma ka karanta a tsanake: ƙarshen Iliyad ta Homa, da ƙarshen Iniyad ta Bajil. Mutanen nan masu bautar gumaka ne, ba wurinsu za mu nemi tauhidi ba. Amma sun ƙura wa zuciyar ɗan Adam ido ƙwarai, musamman zuciyar da baƙin cikinta ya rikiɗe ya zama fushi, kuma a nan akwai abin ɗauka.

Masana na cewa an tsara Iliyad wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta haura ɗango 15,000, amma 'yan makonni kawai ta tsakuro daga shekara ta goma ta yaƙin birnin Turoi. Ko dokin katakon nan da kowa ya sani ba ya cikinta. Abin da ke ciki shi ne fushin mutum ɗaya, Akilis, barden da babu kamarsa a rundunar Girkawa. Agamemnon, jagoran rundunar, ya ƙwace masa Birisis, matar da aka ba shi cikin ganima, a bainar jama'a. Akilis ya yi zuciya ya ajiye makami. Da yaƙi ya juya wa Girkawa baya, aka tura mutum uku su ba shi haƙuri da alkawarin dukiya mai yawa, cikinsu har da Finis, tsohon da ya rene shi tun yana ƙarami. Ya ƙi. An zalunce shi kam, kuma ba na ganin laifin ɓacin ransa na farko. Sai dai wanda ya biya kuɗin taurin kan nan shi ne amininsa Faturokulus, wanda ya ari sulkensa ya fita fagen fama, Hekta ɗan sarkin Turoi ya kashe shi.

Daga nan fushin ya sake kama. Akilis ya kashe Hekta, ya ƙi roƙon da ya yi masa a bakin mutuwa na a mayar da gawarsa gida. Ya huda dugadugansa, ya ɗaure shi a bayan keken dokinsa. Kullum safiya sai ya ja gawar sau uku yana kewaya kabarin abokinsa, da dare kuma ya kwana yana juyi, barci ya gagara. Ya rama iyakar ramuwa, zuciyarsa ba ta yi sanyi ba.

Sai ga Firiyam, sarkin Turoi, tsohon da ya haifi 'ya'ya maza 50 yaƙi ya cinye mafi yawansu. Matarsa Hekuba ta yi ta hana shi tafiya, bai hanu ba. Ya loda fansa a keken alfadarai, daga shi sai wani tsohon sankiransa, ya ratsa sansanin abokan gaba cikin dare. Ya durƙusa a gaban Akilis, ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa 'ya'ya. Bai tsaya jayayya kan wa ke da gaskiya ba. Ya roƙe shi ne ya tuna da nasa mahaifin, Filiyus, wanda shi ma tsufa ya cim masa can gida yana zuba idon dawowar ɗansa. Su biyun suka fashe da kuka, kowa yana kukan nasa.

Mafi yawan masu ba da labarin nan suke tsayawa, alhali abin da ya biyo baya ya fi muhimmanci a wurina. Fushin Akilis bai tafi ba. Da tsohon ya matsa a gaggauta ba shi gawar, nan take ya gargaɗe shi kada ya tsokano shi. Sannan ya fita ya sa kuyangi su wanke gawar su shafe ta da mai, amma a inda uban ba zai gani ba. Homa ya faɗi dalili: yana tsoron kada Firiyam ya ga ɗansa ya kasa danne zuciya, ya faɗi wata magana, shi kuma ya harzuƙa ya kashe baƙonsa. Dubi wannan da kyau, ɗana. Mutumin ya san halinsa. Bai ruɗi kansa da cewa ya huce ba, sai ya raba zuciyarsa da abin da zai tunzura ta. A labarin, allolinsu ne suka aiko masa da umarnin ya saki gawar, amma ba su ce ya ɗauke ta da hannunsa ya ɗora a makara ba, ba su ce ya yanka tunkiya ya ci abinci tare da uban maƙiyinsa ba. Waɗannan shi ya yi su.

Bayan ƙarnuka, Bajil mawaƙin Rumawa, wanda ya rasu a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) bai gama gyaran waƙarsa ba, ya kawo irin wannan roƙon a ƙarshen Iniyad. Gwarzonsa Iniyas ba mai zafin rai ba ne. Shi ne wanda ya goyo mahaifinsa Ankisis ya fito da shi daga Turoi tana ci da wuta, mutumin da aka sani da biyayya da kamun kai. A Italiya ya kayar da abokin gabansa Turnus. Turnus, yana ƙasa da rauni a cinya, ya amince an ci shi, ya roƙi Iniyas ya tuna da Ankisis ya ji tausayin tsohon mahaifinsa Daunus. Iniyas ya dakata, maganar ta fara shigarsa. Sai idonsa ya faɗa kan ratayar takobi a kafaɗar Turnus, ta Fallas ce, saurayin da aka ba shi amana Turnus ya kashe. Nan take ya soke Turnus. A nan waƙar ta ƙare, kuma har yau masana na muhawara ko Bajil yana ganin daidai ya yi. Ni dai tausayin Iniyas nake ji. Bai taɓa ɗaukar kansa mai fushi ba, saboda haka bai yi wa fushi shiri ba, kallo ɗaya ya ishe shi.

Ka san inda na dosa. Na san abin da ke tsakaninka da ɗan baffanka tun rabon gadon nan, na kuma san an faɗa maka maganganun da bai kamata a faɗa ba, tun ba ka gama jimamin mahaifinka ba. Kai yaro ne mai haƙuri, kowa ya shaida, kuma wannan ne ya sa nake jiye maka tsoro fiye da yadda zan jiye wa mai saurin fushi. An ce mini saƙonnin da ya turo maka suna nan a wayarka, kana buɗe su lokaci zuwa lokaci. Ratayar Fallas ke nan ka rataya wa kanka a inda ido zai riƙa faɗawa.

Ba na ce ka yafe yau ba. Ko Akilis da Firiyam ba sulhu suka yi ba. Akilis ya tambayi tsohon kwana nawa yake bukata, ya ce tara na makoki, na goma a yi jana'iza, na sha ɗaya a tayar da kabari, na sha biyu a koma yaƙi in ya zama dole. Akilis ya riƙe masa hannu ya yi alkawarin tsare rundunar har lokacin. Irin wannan kaɗai nake roƙo a wurinka. In baffanka ya tako ya zo gidanka, ka bar wayar a ɗaki. Kada ka zaunar da wanda ka san zai tuna maka da tsohuwar magana. Ka sa a kawo masa abinci kafin a fara zance, in kuma ka ji zuciyarka ta fara tashi, ka ce masa a ɗaga maganar zuwa wani mako, ni ma zan zo a zauna da ni.