Gamon Jarumai a Labaran Zane na Amurka: Matsalar Fifiko da Hanyoyin Warware Ta

1.0 Gabatarwa

Labaran zane su ne waɗanda ake tsarawa cikin jerin hotuna, ana rubuta maganar kowane tauraro kusa da bakinsa. A Amurka, kamfanoni biyu, watau DC da Marvel, su ne suka yi fice wajen buga irin waɗannan labarai na jarumai masu ƙarfin ban mamaki. Manufar wannan maƙala ita ce nazarin abin da ke faruwa idan aka gama jarumai biyu cikin labari guda. Kowane jarumi an gina shi ne a kan cewa ba a kayar da shi, ga shi kuma Hausawa na cewa ba a sarki biyu zamani ɗaya. To, yaya marubuci zai haɗa su ba tare da ya zubar da darajar ɗayansu ba?

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1940, cikin fitowa ta 3 ta mujallar All Star Comics, Gardner Fox ya tara jarumai cikin ƙungiyar Justice Society of America. Amma a wannan fitowa zaman hira kawai suka yi, kowa ya ba da labarin bajintarsa shi kaɗai, don haka maganar fifiko ba ta taso ba. A 1954 aka rage shafukan mujallar World's Finest Comics, wadda a da take ɗauke da labarin Superman daban, na Batman daban. Sai ƙarancin fili ya sa aka riƙa haɗa su cikin labari ɗaya tun daga fitowa ta 71.  Sai a 1976 DC da Marvel suka yarda Superman ya gamu da Spider-Man.

3.0 Hanyoyin Warware Matsalar

Hanya ta farko ita ce rashin fahimta. Jaruman kan fara da faɗa, kowa na zaton ɗan'uwansa ne mai laifi. A labarin 1976, wanda Gerry Conway ya rubuta, Ross Andru ya zana, Superman ya fi Spider-Man ƙarfi nesa ba kusa ba. Saboda haka marubucin ya sa mugun labarin, Lex Luthor, ya haska wa Spider-Man wani haske da ya ƙara masa ƙarfi na ɗan lokaci. Da ƙarfin ya gushe, sai gaskiya ta bayyana, faɗa ya ƙare ba a kunyata kowa ba.

Hanya ta biyu ita ce haɗa abokan gāba. Luthor na Superman ne, Doctor Octopus kuwa na Spider-Man. Da miyagun suka haɗa kai, sai haɗin kan jaruman ya zama tilas.

Hanya ta uku ita ce rabon aiki. Batman ba shi da wani ƙarfi da ya wuce na ɗan'adam, amma yana da basirar bincike. Ta haka yake zama daidai da Superman: wannan ya gano bakin zaren, wancan ya ɗauki nauyi.

Akwai kuma lokacin da marubuta suka sauke wa kansu nauyin hukunci ɗungum. A 1996, cikin jerin DC versus Marvel, masu karatu aka bai wa damar jefa ƙuri'a a kan wanda zai yi nasara a karo biyar daga cikin karawar jaruman.

4.0 Kammalawa

Ɗalibin adabin baka zai lura da wani bambanci. A tatsuniya, Gizo kan yaudari Kura ko Zaki, ba mai jin an yi masa asara, domin taurarin tatsuniya ba mallakar kowa ba ne. Jarumin labarin zane kuwa dukiyar kamfani ce, faɗuwarsa na iya taɓa kasuwarsa. Wannan ne ya sa zubin gamon jarumai ya ke yawan bin tafarki ɗaya: saɓani, karo, fahimta, sannan taron dangi a kan mugu. Ke nan, mai nazarin zubi da tsarin labari bai kamata ya tsaya ga abin da ke kan takarda kaɗai ba. Ya wajaba ya tambaya: wa ya mallaki tauraron, kuma me zai rasa idan aka kayar da shi?