Jan Launin Manja: Hajar da Ake Ƙonewa a Matatun Mai

Galibin 'yan kasuwar da ke safarar manja daga jihohin Edo, Imo da Akwa Ibom zuwa kasuwannin Arewa, mai kawai suke gani a cikin jarka. Amma jan launin da ke cikinsa haja ce mai zaman kanta, wadda masana'antun abinci da na magunguna suke saye da tsada.

Sinadarin da ke ba manja launinsa shi ne karotin, wanda aka fara warewa daga karas a shekarar 1831. Kowane tan guda na ɗanyen manja yana ɗauke da giram 500 zuwa 700 na wannan sinadari, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 nasa nau'i biyu ne, watau alfa da beta. Ƙirar sinadarin doguwar sarƙa ce mai ƙwayoyin kabon 40, wadda ke shanye shuɗin haske, dalilin da ya sa ido ke ganin ja. Idan aka tsarma shi sai ya koma ruwan ɗorawa. Yana narkewa a cikin mai, amma ba ya narkewa a ruwa.

Wannan sarƙa ita ce kuma rauninsa. Zafi da hasken rana da iska duk suna tsinka ta, launin ya dusashe. Uwargidan da ke soya manja har ya yi fari, karotin take ƙonewa. Haka ma ɗan kasuwar da ke jera kwalabe a rana domin jawo masu saye, yana rage darajar kayansa da hannunsa.

Babbar hasara dai a matatu ake yin ta. Domin samar da farin man girki, ana tace manja da wata irin ƙasa mai tsotse launi, sannan a busa masa tururi mai zafin digiri 240 zuwa 260, ta yadda kusan duk karotin ɗin ke halaka. Daga baya sai a zuba wa man bitamin A da aka sayo daga waje, kamar yadda dokar Nijeriya ta wajabta tun shekarar 2002. Alhali kuwa jikin ɗan Adam yana juya karotin na beta zuwa wannan bitamin, wanda rashinsa ke haddasa dundumi ga yara. A ganinmu, wannan zubar da abin da ake da shi ne domin sayo irinsa.

Ƙasar Maleshiya ta nuna akwai wata hanya. A shekarun 1990 masu bincikenta suka fito da dabarar tace manja da ƙaramin zafi a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, sai warin ya fita, mafi yawan launin ya tsira. Ana kuma iya ware karotin ɗin shi kaɗai, ta hanyar fara juya manjan zuwa man dizal na tsiro, a janye man, a bar jan kauri a ƙasa. Kazalika an gano cewa man da ke saura a cikin tuƙar kwakwa bayan an matse ta ya fi manjan kansa karotin ninki shida ko fiye, ga shi kuwa a yawancin injinan matsa ita ake cusawa a wuta.

Masu sayen wannan launi sun haɗa da masu yin man shafa wa burodi, biskit, alewa da askirim, da masu haɗa ƙwayoyin ƙarin bitamin da kayan kwalliya. Masu lemon kwalba sai an sarrafa musu shi ta yadda zai gauraya da ruwa. Sai dai wanda zai zuba jari ya sani cewa akwai kishiya: tun shekarar 1954 kamfanin Roche na Suwizalan ya fara haɗa karotin a masana'anta, kuma na masana'anta ya fi araha. Abin da ke sayar da na manja shi ne cewa daga tsiro ya fito. Injinan ware shi suna da tsada, suna kuma bukatar wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, saboda haka ba sana'ar ƙaramin jari ba ce. Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya da ke kusa da Benin, wadda ta samo asali a shekarar 1939, ita ce wurin fara neman shawara.

Akwai kuma batun algus. Ganin cewa masu saye suna bin ja, wasu ɓata-gari suna zuba wa manja rinin masana'antu mai suna Sudan IV, wanda aka haramta a abinci saboda zargin yana jawo sankara. A shekarar 2005 Tarayyar Turai ta sanya manja cikin kayan da ba za su shiga ƙasashenta ba sai da takardar gwajin wannan rini. Ido kaɗai ba ya bambance jan karotin da jan rini, don haka mai sayen manja tirela-tirela zai fi samun kwanciyar hankali idan ya kai samfuri ɗakin gwaji kafin ya biya kuɗi.