Yadda Ake Buɗe wa Asusun Root Ƙofa Daga Nesa da Mabuɗi

A kowace kwamfuta mai aiki da tsarin Linux akwai wani asusu da ake kira root, wanda ba a hana shi kome, ya karanta abin da ya ga dama, ya shafe abin da ya ga dama, ba mai neman hujja daga gare shi. Da yake sau da yawa irin wannan kwamfuta, wato uwar garke, tana wata ƙasa, alhali mai kula da ita yana zaune a ofishinsa, ala tilas aka nemi hanyar shiga daga nesa, ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a 1995, bayan da aka gano ana satar kalmomin sirri a Jami'ar Fasaha ta Helsinki.

Da fari mai kula zai rubuta ssh-keygen -t ed25519 a tasa kwamfutar, sai ta fitar masa da mabuɗai guda biyu, na ɓoye da na sarari. Na ɓoyen amana ne, haram ne ya bar na'urar da aka haife shi a cikinta; idan kuwa aka tambaye shi jimlar sirrin da zai kulle shi da ita, to kada ƙyuya ta sa ya tsallake. Na sararin shi ake kwafa a zuba a fayil ɗin /root/.ssh/authorized_keys da ke kan uwar garke, a sa izinin babban fayil ɗin .ssh ya zama 700, na authorized_keys 600, domin SSH ba ta yarda da mabuɗin da ke wurin da wani dabam yake iya yin rubutu.

Bayan haka sai a buɗe /etc/ssh/sshd_config, a nemi layin PermitRootLogin, a rubuta prohibit-password a gabansa, ma'ana root na iya shiga da mabuɗi amma ba da kalmar sirri ba. Wannan shi ne hukuncin da OpenSSH, manhajar da ke gudanar da SSH, ta mayar asali tun fitowarta ta 7.0 a 2015. Sa'an nan a duba gyaran da sshd -t, a sake tayar da SSH, a jarraba shiga ta wata sabuwar taga tun ba a rufe ta farko ba, gama wanda ya yi gaggawar rufewa, kuskuren harafi ɗaya ya isa ya bar shi a waje.

Maslahar wannan tsari a bayyane take: dare da rana na'urorin ɓarayi suna ƙwanƙwasa ƙofar SSH ta 22 suna cankar kalmar sirrin root, mabuɗi kuwa ba ya cankuwa. Sai dai mafsadar ba ta gushe ba, ƙaura ta yi, ta koma kan kwamfutar da mai kula yake yawo da ita a jaka. Wanda duk ya sace ta, in babu jimlar sirri, ya mallaki uwar garken ɗungurungum. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne batun shaida, domin idan mutum uku suna tarayya a mabuɗi guda, ranar da aka yi ɓarna ba alƙalin da zai iya tantance mai laifi.

Saboda haka a ganina ɗan Adam ya shiga da sunansa, ya nemi ikon root da umarnin sudo lokacin bukata, a bar shigar root ga ayyukan da na'ura take yi da kanta, kamar kwashe ajiyar bayanai cikin dare. Ko su ɗin ma a gindaya musu sharaɗi: a farkon layin mabuɗin a rubuta from= da adireshin da aka amince, da command= da umarni ɗaya tak, a kuma mayar da PermitRootLogin zuwa forced-commands-only. Kuma da yake irin wannan mabuɗi ba ya da wa'adin mutuwa sai an sa masa, wajibi ne a shafe layin ma'aikaci daga authorized_keys ranar da ya bar aiki, a kan kowace uwar garke da aka taɓa zuba shi.