Yawon Ganin Ƙasa a Jirgin Ruwa

Kai mai karatu, ka san mutum yakan shiga jirgin ruwa don ya haye kogi, ko ya kai kaya kasuwa, ko kuwa ya yi su. To, akwai waɗansu mutane da ke shiga jirgi ba su ɗauke da kayan sayarwa, ba su kuwa da taru. Kallo kaɗai suke zuwa yi, har su biya kuɗi masu yawa dominsa. A darasin nan za mu ba ka labarin wata ƙasa mai nisa inda ake irin wannan tafiya, sa'an nan mu komo gida mu duba ruwan da ke kusa da Birniwa.

Ƙasar Norwe

Can ƙuryar arewacin Turai akwai wata ƙasa ana ce da ita Norwe. Ƙasa ce mai duwatsu da tsananin sanyi, ga ta siririya ta miƙe a bakin teku. Idan ka dubi taswirarta, sai ka ga bakin tekun duk ya tsattsage kamar gefen tsohon zane. Kowace tsaga hannun teku ne da ya kutsa tsakanin duwatsu. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan hannun teku fiyod.

Ga yadda fiyod ya samu. A zamanin da, ƙanƙara ta lulluɓe ƙasar duka. Saboda nauyinta sai ta riƙa gangarawa sannu sannu wajen teku, tana niƙe dutse tana yashe kwari, kamar yadda ruwan sama ke haƙa kwazazzabo a gona. Wajen shekara 10,000 da suka wuce ƙanƙarar ta narke, ruwan teku ya shigo ya cika kwaruruwan. Babbansu shi ne na Sogne. Tsawonsa wajen mil 127 ne, watau ya kusa nisan da ke tsakanin Kano da Nguru ta hanyar jirgin ƙasa. Zurfinsa kuwa a wani wuri ya fi ƙafa 4,000.

Da yake duwatsu sun sa yin hanya da wuya, sai teku ta zama ita ce hanyar mutanen. A 1893 aka fara wani jirgi mai suna Hurtigruten, yana kai wasiƙu da kaya da mutane garuruwan arewa. Har wa yau jiragen suna tashi daga Bergen zuwa Kirkenes, suna tsayawa a tasha 34, zuwa da komowa wajen kwana 11. Tekun ba ta daskarewa ko da sanyi ya yi tsanani, gama wani ruwa mai ɗumi yana malalowa daga kudu yana bin gaɓar. Baƙi daga ƙasashe dabam dabam sukan shiga jiragen nan da waɗansu manya, su ga duwatsu tsaye kamar garu, ruwa na zubowa daga ƙwanƙolinsu. A can arewa kuma, tsakiyar watan Yuni, rana ba ta faɗuwa ko da tsakar dare.

Abin lura shi ne mutanen Norwe sun san darajar abin da ke hannunsu. A 2005 hukumar UNESCO ta sa fiyod biyu cikin wuraren da duniya za ta kiyaye. A 2018 kuma majalisar ƙasar ta yanke shawara a nemi hanyar hana jirage masu hayaƙi shiga wuraren nan, domin in ruwa da iska suka ɓaci, ba baƙon da zai sake zuwa.

Namu ruwan

To, mu a ƙasar Haɗejiya ba mu da teku, ba mu da duwatsu masu ƙanƙara. Amma muna da fadama wadda irinta ba ta da yawa a Afirka ta Yamma. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake fitowa. Da suka iso ƙasarmu sai suka tarad da shimfiɗaɗɗen fili da jerin tsofaffin tuddan rairayi. Tuddan suka rarraba ruwan hannu hannu. Ɗaya daga cikin hannuwan shi ne Marma, wanda ke zuba a tafkin Nguru. Sauran ruwan yakan taru ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya nufi Tafkin Cadi.

Ka ga ke nan, a Norwe ƙanƙara ce ta yi wa ruwa hanya cikin dutse, ya yi zurfi. A nan rairayi ne ya raba shi, ya yi faɗi. Fiyod yana nan yadda yake rani da damina. Fadamarmu kuwa tana cika a watan Agusta da Satumba, sa'an nan ta ja da baya sannu a hankali. In ta cika, manomi ya sami shinkafa, masunci ya sami tarwaɗa da karfasa da bargi. In ta janye, a shuka wake da alkama da barkono a danshin da ta bari, Fulani kuma su kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa lokacin da daji ya bushe.

Wanda ya shiga kwalekwale da sassafe a watan Disamba, wajen Baturiya a ƙasar Kiri Kasamma, zai ga abin da zai daɗe yana ba da labarinsa. Ga goruba jere a kan tudu, ga zalɓe tsaye cikin ruwa, ga dinya da kirinjijiya da balbela. Cikinsu kuma akwai baƙi. Idan sanyi ya kama arewacin Turai da Rasha, dubban tsuntsayen ruwa sukan taso, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, tafiyar da ta fi mil 3,000 ga waɗansunsu, su sauka a nan. Sai wajen watan Maris su koma can su yi ƙwai. Ashe mutane na zuwa arewa kallon ruwa, tsuntsayen arewa kuwa namu ruwan suke nema.

Saboda haka ne manyan baƙi suka zo. A 1989 Yarima Filif, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci tafkin Dagona kusa da Gashuwa don ganin tsuntsaye. Akwai kuma wata yarjejeniya da ƙasashe suka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, don kiyaye fadamu masu daraja. A 2000 aka rubuta tafkin Nguru da Marma cikinta, su ne na farko a Nijeriya. A 2008 aka ƙara Baturiya da Dagona.

Abin da ke damun fadamar

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun kawo wa Kano ruwan sha da na noman rani, wannan alheri ne. Amma sun canja halin kogin. Malalar damina ta ragu, sa'an nan ana sako ruwa har cikin rani, hannuwan kogin da ke bushewa a da suka daina bushewa. Wannan ya yi wa ciyawar kacalla daɗi. Ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Sai wani gari ya rasa ruwa, wani kuwa ruwa ya ci gonakinsa. Kacalla tana hana kwalekwale wucewa, tana tsinka taru. Sauro da jan-baki mai cinye hatsi suna samun mafaka cikinta, haka kuma dodon koɗi mai ɗauke da ciwon tsargiya. Bayan wannan ga saran itace barkatai da harbin tsuntsaye. In hanyar ruwa ta toshe, masunci da manomi da makiyayi su ne za su fara shan wahala, tun kafin baƙo ya daina zuwa.

In za ka tafi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi kyau, gama tsuntsaye sun hallara, ruwa kuma ya kwanta. Ka fara gai da mai gari da sarkin ruwa, su haɗa ka da matuƙin da ya san hanya. Kada ka shiga kwalekwalen da aka cika shi fiye da kima, kada kuwa ka yarda da tafiyar dare. In akwai rigar da ke hana nutsewa, ka sa ta, ko ka iya iyo, gama ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kada ka yi wanka a ruwan da ba ya gudu. Ka zauna shiru, ka bar baka da bindiga a gida. Ranar da garinku ya fita aikin gayya na yanke kacalla, ka ɗauki laujenka ka bi su.

Tambayoyi

1. Mene ne fiyod, yaya kuma ya samu?
2. Waɗanne koguna ne ke kawo ruwa fadamar Haɗejiya?
3. Don me kacalla ta yaɗu bayan an gina madatsun ruwa?
4. Tambayi wani dattijo a garinku inda ruwa ke kaiwa lokacin ƙuruciyarsa, ka gwada da inda yake kaiwa yanzu.